Manhajar da na haɗa wa shagon kawuna tana lalata baƙaƙe masu ƙugiya

Dan_Kusugu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman agaji, yau kwana uku ina fama. Kawuna yana da shagon taki da iri da maganin ƙwari a nan Daura. Littattafan bashinsa sun kai huɗu, ɗaya ma ruwan damina ya taɓa shi. Sai na ce bari in haɗa masa 'yar manhaja da harshen Python da Tkinter, kayansa na haɗa tagogi da maɓallai, a riƙa shigar da kaya da sunayen manoman da ke karɓa bashi zuwa kaka. A VS Code, manhajar rubuta kod, nake rubutawa, laftof ɗina Windows 10 ne, bayanan kuma a fayil ɗin CSV, wato tebur na rubutu zalla, nake ajiye su.

Matsala biyu ce. Jerin kayan da na rubuta da hannuna a VS Code lafiya lau yake a can, amma in manhajar ta buɗo shi sai "maganin ƙwari" ya koma "maganin Æ™wari", "irin riɗi" ya koma "irin riÉ—i". Ta biyun ta fi ci mini rai. In na shigar da sabon suna mai ƙugiya, kamar Ɗanladi, na danna ajiye, sai wannan ya fito:

UnicodeEncodeError: 'charmap' codec can't encode character '\u018a'

A shago kuwa, da na mayar da ita exe, wato fayil ɗin da ake dannawa manhaja ta tashi, ko saƙon ma ba ya fitowa. Yaron shago ya danna, ya ɗauka ta ajiye, ashe ba ta ajiye komai ba. Wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Auta_Mashi:
Wa alaikumus salam Yaya. Duba ƙasan VS Code ta hannun dama, akwai inda aka rubuta UTF-8. Danna wurin ka sauya shi zuwa Windows 1252 ka sake ajiyewa, halan su daidaita. Sannan ka sa # -*- coding: utf-8 -*- a layin farko na kod ɗin.

Injiniya_Marusa:
Dan_Kusugu, don Allah dakata, kada ka yi abin da Auta ya ce tukuna. Auta ƙanena, ka yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In ya ajiye fayil ɗin da Windows 1252, duk wata ƙ da ɗ da ɓ za ta koma alamar tambaya, kuma in ya rufe fayil ɗin shi ke nan, sai dai ya bi layi-layi ya sake rubutawa. Wancan layin na farko da ka ce a sa kuma, fayil ɗin kod kaɗai ya shafa, kuma Python 3 dama UTF-8 take ɗaukar kod ko ba a rubuta shi ba.

Ga abin da ke faruwa. Kwamfuta ba harafi take ajiyewa ba, lambobi take ajiyewa. A tsarin UTF-8, ƙ bayit biyu ce, wato lambobi biyu: C6 da 99. VS Code ta ajiye ta daidai. Amma in ka kira open() a Windows ba ka faɗa mata tsarin da za ta bi ba, sai ta ɗauki na kwamfutar, wanda a yawancin namu cp1252 ne, wato Windows 1252 ɗin nan, tsarin da aka yi don harsunan Yammacin Turai. Shi kuma kowace bayit harafi ɗaya ce a wurinsa. C6 ita ce Æ, 99 ita ce ™. Ka ga inda Æ™ ta fito. Haka ɗ, C9 da 97, ta zama É da dogon jan layi. Wajen rubutawa kuma, cp1252 ba shi da Ɗ sam a cikin jerinsa, shi ya sa ta tsaya ta yi maka ƙorafi. Ko alamar ₦ ka sa, haka za ta yi.

Maganin, duk inda ka kira open() ka rubuta haka:

open("kaya.csv", "w", encoding="utf-8", newline="")

Wajen karantawa ma ka sa encoding ɗin. Bi su ɗaya bayan ɗaya da Ctrl+Shift+F, kada ka bar ko guda.

Auta_Mashi:
Na gode Yallaɓai, ban san haka abin yake ba. Ni na ɗauka saitin ƙasan nan har Python yake juyawa.

Injiniya_Marusa:
A'a. Wannan saitin na VS Code ne ita kaɗai, yadda za ta buɗe fayil da yadda za ta ajiye shi. Da zarar manhaja ta tashi aiki, ba ruwanta da abin da aka rubuta ta a ciki.

Ummu_Sandamu:
Ni abin da ya tayar mini da hankali daban ne. Ka ce a shago an danna ajiye ba ta ajiye ba. Dan_Kusugu, je ka buɗe fayil ɗin bashin nan yanzu ka ƙirga layukansa. Idan da "w" kake buɗe shi kana sake rubuta komai daga farko, to a daidai lokacin buɗewar ake share abin da ke ciki. In kuskure ya faɗo a tsakiya, duk sunayen da ke bayan wanda ya kawo kuskuren sun tafi. Ya taɓa faruwa da ni a rajistar ɗaliban wata islamiyya da na yi wa aiki, ni dai ba ƙugiya ba ce, wuta aka ɗauke ana cikin ajiyewa, kwamfutar kuma ta tebur ce ba batir. Da safe fayil ya zama fanko.

Dan_Kusugu:
Innalillahi. Anti, maganarki haka take. Ina jera sunayen ne kafin in ajiye, na duba yanzu, akwai waɗanda babu su. Allah Ya sa kawu bai yar da littattafan ba, daga nan zan sake kwasowa. Na sa encoding kamar yadda Injiniya ya ce, ƙwari ya dawo ƙwari, Ɗanladi ma ya shiga. Allah Ya saka da alheri.

Ummu_Sandamu:
Amin. In za ka ci gaba da CSV, ka riƙa rubutawa a wani fayil na wucin gadi, in ya kammala sai ka yi os.replace ka ɗora shi a kan tsohon. Amma shawarata, tunda dukiyar mutane ce, ka koma SQLite, wato ƙaramin rumbun bayanai. Tana cikin Python, ba sai ka sauke komai ba, kuma ko an katse ta a tsakiyar ajiya ba ta barin rabin aiki. Sannan kowace yamma a kwafe a filasha.

Sarkin_Waya:
Ni fa ban ga dalilin wannan wahalar ba. Ka rubuta kwari, ka rubuta Danladi, ka huta. Shekara nawa muna tura saƙo a waya ba ƙugiya, wa ya taɓa ɓata? Katin shaidarmu ba ƙugiya, takardun banki ba ƙugiya, ku dubi sunayen da muke amfani da su a zauren nan ma, shi kanshi mai tambayar Dan_Kusugu ya rubuta. Manomi bashinshi yake so ya gani daidai, ba nahawu ya zo koyo ba. Yau ka gyara CSV, gobe firinta za ta ƙi, jibi wani abu. Ni a sa layi ɗaya da zai mayar da ƙ ta zama k tun a bakin ƙofa, magana ta ƙare.

Malama_Gobarau:
Sarkin_Waya, ban yarda da kai ba ko kaɗan. Shagon da ake magana kaya yake sayarwa, ba ƙaya ba. Baki daban, baƙi daban. Fada daban, faɗa daban. Kai da ka girma da harshen kana cike gurbin da kanka, shi ya sa kake ganin ba matsala. Amma littafin bashi wurin shaida ne. In akwai Bako akwai Baƙo a gari ɗaya, ka mayar da su suna ɗaya, ranar biya wa za ka kama?

Kuma ƙugiyar nan ba jiya aka ƙago ta ba. Tun shekarun 1930 ta shigo rubutun boko, kafin nan ɗigo ake sawa a ƙasan harafi. Masu ɗab'i a Zariya da injinan wancan zamani sun iya fitar da ita a littafi da jarida. Mu da ke da Unicode a hannu, kowane harafi da lambarsa, mu ne za mu ce ta fi ƙarfinmu? Ina koyar da Hausa, ina ganin yaran da ke rubuta "kasa" su karanta ta yadda suka ga dama, kuma daga waya suka ɗauko. Abin yana damuna ƙwarai. In 'ya'yanmu masu haɗa manhaja su ne ke cire ta da hannunsu, wa zai sa mana ita?

Sarkin_Waya:
Malama, da girmanki, ni kau ban ce a cire ta daga littafi ba. Amma yaron shago da kwastoma biyar tsaye a kanshi, ina zai tsaya neman ɗ a kibod? Zai buga d ya wuce. Sai ki samu rabin sunaye da ƙugiya rabi babu, in an zo nema a rasa mutum. Wannan ya fi Bako da Baƙo haɗari.

Bakatsine_Py:
Ku duka biyun kuna da gaskiya a wani gefe, kuma ana iya haɗa su. A ajiye suna yadda yake da ƙugiyarsa, shi ake nunawa, shi ake bugawa a rasit. Sai a ƙara wani gurbi na ɓoye da ake nema da shi, wanda aka sauke wa ƙugiya aka mayar ƙananan baƙaƙe. Yaro ya buga "danladi", Ɗanladi ya fito masa. In Bako da Baƙo suka fito tare, sai ya zaɓa da sunan ƙauye.

Abu ɗaya da ya taɓa cinye mini dare: kada ka ce unicodedata.normalize za ta sauke maka ƙugiyar. Tana raba é ta Faransanci da alamar da ke kanta, amma ƙ harafi ne mai zaman kansa, ba k ba ce da aka ɗora wa wani abu. Sai ka yi teburinka da str.maketrans, ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, bayan ka kira lower().

In ka koma SQLite kamar yadda Anti ta ce, wannan gurbin zai ƙara yi maka amfani, don LIKE ɗinta, umarnin nema, baƙaƙen Ingilishi kaɗai take daidaita manya da ƙanana. Ka nemi "ƙofa", ba za ta kawo "Ƙofa" ba. ORDER BY kuma, umarnin jerawa, zai jefa duk sunan da ya fara da Ƙ ko Ɗ can bayan Z. In kana son Ƙ ta bi bayan K yadda muka koya a firamare, akwai create_collation.

Tsohon_Boko:
Tambaya daga gefe, ku yi haƙuri. Ku da me kuke buga ƙugiyar a kwamfuta? Ni har yau kwafowa nake daga wani tsohon fayil.

Malama_Gobarau:
Baba, Windows tana da kibod na Hausa a cikin saitin harshe, ƙara shi kawai ake yi. Akwai kuma Keyman, kyauta ce. A waya Gboard na da Hausa.

Bakatsine_Py:
A manhajar shago ma abin da ya fi sauƙi, a sa ƙananan maɓallai uku kusa da gurbin suna, ƙ ɗ ɓ, kowanne in an danna ya yi entry.insert("insert", "ƙ"). Ba sai an taɓa saitin kwamfutar kawu ba. Wannan ya amsa rabin kukan Sarkin_Waya.

Dan_Kusugu:
Salam, na dawo. Tsugune ba ta ƙare ba. Na koma SQLite jiya da daddare, na shigar da mutum goma sha ɗaya lafiya. Na zo kan wani da ke zuwa daga Mai'adua, sai ga wannan:

sqlite3.OperationalError: near "adua": syntax error

Na gwada Sa'adu, haka. Kuma na kwafo kod ɗin teburin da Bakatsine_Py ya turo mini ta waya, yanzu fayil ɗin gaba ɗaya ya ƙi tashi, wai TabError: inconsistent use of tabs and spaces in indentation. Da ido ban ga bambancin komai ba a layukan.

Injiniya_Marusa:
Na farkon, na tabbata haɗa jimlar SQL kake yi da hannu, kana cusa sunan a tsakanin alamomin zance. Alamar hamzar da ke cikin Mai'adua ita ce ta rufe zancen tun bai ƙare ba, SQLite ta ga "adua" tsaye a waje ba ta san me za ta yi da shi ba. Rubuta haka:

cur.execute("INSERT INTO bashi (suna, gari) VALUES (?, ?)", (suna, gari))

Ka bar mata ta cusa da kanta. Kuma ka gode wa Mai'adua, don wannan ramin da ka faɗa shi ne wanda ɓarayin intanet ke bi su shiga rumbun bayanai. Mu a ƙasar Hausa ba mu da uzurin yin wannan kuskure, sunayenmu cike suke da hamza: Isma'ila, Sa'adatu, Ma'aruf, 'Yar'adua. Ni duk manhajar da na haɗa, kafin in miƙa ta sai na gwada ta da "Ƙofar 'Yanɗaka" da "Ƙofar Durɓi". In ta ajiye waɗannan, ta nemo su, ta buga su, to ta ci jarrabawa.

Na biyun, wasu layukanka da Tab aka tura su ciki, wasu da tazara huɗu. Danna Ctrl+Shift+P, ka nemi Convert Indentation to Spaces. Sannan a settings.json ka sa "editor.insertSpaces": true da "editor.tabSize": 4 da "editor.detectIndentation": false. Ka ƙara "editor.renderWhitespace": "all" ko na kwana biyu ne, za ka riƙa ganin tazara a matsayin ɗigo, Tab a matsayin kibiya.

Ummu_Sandamu:
Tunda ta waya kod ɗin ya biyo, duba alamomin zance ma. Waya na son lanƙwasa su, Python kuma miƙaƙƙu take so, in ba haka ba ta ce invalid character. Hamzar ma iri-iri ce: akwai miƙaƙƙiya ta kibod, akwai lanƙwasasshiya ta waya. Mai'adua da aka buga a kwamfuta da wadda aka kwafo daga waya, a ido ɗaya suke, a wurin nema biyu ne. Ka sa su cikin teburin Bakatsine_Py, a gurbin nema a share su duka.

Dan_Kwangwalam:
Ina biye da ku tun farko. Tunda Daura ce, kada ka manta da mutanenmu na ƙetare. Masu zuwa daga Matamaye da Magarya, a rubutun Nijar ƴ suke sawa inda muke sa 'y. In wata rana wani ya turo maka jerin sunaye daga can, za ka ga ƴan a maimakon 'yan. Ka sa ƴ ta koma y a teburin.

Wani abu kuma game da exe, don ya taɓa ƙona ni. In da --onefile ka haɗa a PyInstaller, mai mayar da kod exe, duk lokacin da aka buɗe ta tana zazzage kanta ne a wata folda ta wucin gadi, in an rufe a share foldar. Ni na ajiye rumbun bayanai a gefen kod ta hanyar __file__, mai shago ya yini yana shigar da kaya, washegari ya buɗe ya tarar wayam. Ka ajiye naka a cikin APPDATA, foldar da Windows ta ware wa bayanan manhajoji, ko a foldar da sys.executable ke nunawa.

Injiniya_Marusa:
Wannan gaskiya ne. Kuma shirun da ka ce tana yi a shago, dalilinsa Tkinter na tura kuskuren maɓalli zuwa baƙin allon nan na buga umarni ne, kai kuma ka ɓoye shi da ka haɗa exe. Ka maye gurbin report_callback_exception da naka, ya fito da messagebox.showerror ya kuma rubuta a wani fayil. Manhajar kuɗi da ke faɗuwa ba ta yi magana ba, gara littafi da ita.

Auta_Mashi:
Yallaɓai, na ga wani ya ce in an sa PYTHONUTF8=1 ba sai an bi kowane open() ba. Haka ne?

Injiniya_Marusa:
Haka ne, tun Python 3.7 akwai shi, kuma an tsara ya zama shi ne na asali daga 3.15. Amma saitin kwamfutarka ne, ba zai bi manhajar zuwa shago ba. Rubuta encoding a cikin kod ya fi kwanciyar hankali.

Tsohon_Boko:
Ku tambayi kwamfutar shagon ma wace iri ce. Da yawa a shagunanmu har yanzu Windows 7 ce. Jikana ya haɗa exe da sabuwar Python ya kai wani kemis, ta ce api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll babu. Ashe 3.8 ce ta ƙarshe da ke aiki a Windows 7.

Dan_Kusugu:
Baba, ta kawu Windows 10 ce, ta nan na tsira. Mai'adua ta shiga, TabError ya tafi, na sa maɓallan ƙugiya, na mayar da rumbun APPDATA. Saura abu biyu. Kawu yana son ya riƙa ganin lissafin wata a Excel, na fitar masa, Æ™ ta dawo a can. Sannan 'yar firintar rasit tana buga alamar tambaya a gurbin ƙ da ɗ.

Sarkin_Waya:
Ai na faɗa maku firinta na nan tafe. A rasit dai ko Malama za ta yarda a sauke ƙugiya, takarda ce da za ta kwana ɗaya a aljihu.

Malama_Gobarau:
Ban yarda ba. Rasit ɗin ne ma kaɗai abin da manomin zai tafi da shi gida, shi ɗansa ɗan makaranta zai karanta masa. A nan na fi son a ga sunan mutum daidai.

Bakatsine_Py:
Na Excel mai sauƙi ne. Fayil ɗin da za ka fitar mata kaɗai, ka sa encoding="utf-8-sig". Yana ɗora bayit uku a farkon fayil, EF BB BF, da su take gane UTF-8 ne in an buɗe da dannawa biyu.

Firinta kuwa Sarkin_Waya bai yi ƙarya ba, akwai aiki. Irin waɗannan masu ƙona takarda da zafi, in ka tura musu rubutu zalla da jerin haruffan da ke cikin cikinsu suke bugawa, irin su CP437 da CP850, kuma ba ƙ a ciki. Hanyar da nake bi, in zana rasit ɗin a matsayin hoto da Pillow, kayan aikin hoto na Python, da salon harafi mai ƙugiya kamar DejaVu Sans ko Noto Sans, in tura hoton. Ka tuna ka haɗa fayil ɗin salon harafin cikin exe da --add-data.

Dan_Kusugu:
Excel ta gyaru. Na yi pip install pillow ya ce ya gama, amma in na danna maɓallin tayar da kod a VS Code sai ModuleNotFoundError: No module named 'PIL', kuma ta ja layi a ƙarƙashin import ɗin.

Ummu_Sandamu:
Python biyu gare ka a laftof ɗin, pip ya zuba a ɗaya, VS Code na amfani da ɗayar. Buga py -0 za ka ga jerinsu. Sa import sys da print(sys.executable) a kod ka ga wadda ke tashi. Sai Ctrl+Shift+P, Python: Select Interpreter, ka zaɓi wadda kake so, ka buɗe sabon baƙin allo a cikin VS Code ka yi python -m pip install pillow. Da ita ɗin kuma za ka haɗa exe, in ba haka ba Pillow ba zai shiga ciki ba.

Dan_Kusugu:
Haka ne Anti, 3.11 da 3.12 ne, na manta na taɓa sa ta farkon. Yanzu rasit ya fito da Ɗanladi da riɗi da ₦, na kai wa kawu ya juya shi gaba da baya yana dubawa. Sai dai gefen dama yana yankewa, jimillar kuɗi ba ta fita duka, kuma ya fi na da jinkiri.

Sarkin_Waya:
Jinkirin nan shi nake gudu ranar kasuwa. Ka bar hanya biyu a saiti, mai hoto da mai rubutu zalla, kawu ya zaɓa da kanshi.

Bakatsine_Py:
Faɗin hoton ne ya wuce na takarda. Auna takardar. In mai milimita 58 ce, yawancinsu ɗigo 384 suke ɗauka a faɗi, in mai 80 ce 576. Ka yi hoton daidai da haka, kuma ka mayar da shi baƙi da fari zalla da convert("1") kafin ka tura, zai rage nauyi. Wace iri ce taku, kuma ta USB take ko ta Bluetooth?

Dan_Kusugu:
Ƙaramar ce, ta USB, ni kuma 500 na sa. An rufe shago yanzu, sai da safe in Allah Ya kai mu zan gwada 384 in auna daƙiƙa nawa take ɗauka, in turo muku hoton rasit ɗin.